Hotuna Bakwai a Kife

Ranar Alhamis, kasuwar Dole ta cika,
na ratsa ta da hotuna bakwai cikin ambulan,
na nufi Zango, shagon Baba Kyari,
inda labulen bango mai zanen jirgin sama
ya girme ni da shekara goma.

Na tarar da benci cike da masu jiran hoton kati.
Na baje nawa a tebur ina hura hanci,
kamar wanda ya tsinko wata daga sama.
Ya dubi na farko, ya dubi na biyu,
sai ya kife su duka, ya danne da makulli,
ya ce, "Zauna, Lawali, ga ruwa."

Sai da benci ya yi wayam,
ya saki labulen ƙofa,
sannan ya ce, "Ka yarda in faɗa?"
Mai shekara arba'in yana wanke fim cikin duhu
ke neman iznin ɗan wata shida.

"Majemin nan, ka kama hannunsa da kyau,
jar fatar nan har warinta nake ji.
Amma ka bar rana a ƙeyarsa,
fuska ta koma gindin tukunya.
Da ka ƙara taku uku wajen dutsen can,
da haske ya gaishe shi."
Ya ɗan yi shiru. "Yaya sunansa?"

Ban sani ba.
Daga nesa na ɗauka, na sulale
kamar ɓarawon kaza.

Bai yi faɗa ba. Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi.
"Fuskar mutum aro ce.
Kafin ka danna, yi sallama.
In ka wanke, kai wa mai abu rabonsa."

Da sassafe na koma majema.
Sunansa Tankari, 'ya'yansa huɗu,
bai taɓa ganin kansa yana aiki ba.
Sau biyu ya wanke hannu
kafin ya karɓi takardar.

Ban manta da Barira ba, mai hoton biki,
wadda muke ƙwace wa juna ciniki.
Ta gan ni wurin suna a Garin Malam,
fitilata na wanke goshin mata kamar an shafa man gyaɗa.
Ta zo kamar za ta wuce, ta raɗa mini,
"Juya ta sama. Rufin fari ne, zai maido maka."
Ko mai jego ba ta ji ba.
Washegari na aika mata batir biyu,
ta maido ɗaya da saƙo:
"Shawara ɗaya na ba ka."

Bana idon Baba Kyari ya fara hazo.
Jikansa ya sayo masa kwamfuta,
ya kira ni bayan la'asar,
ya ce, "Malam, nuna mini inda ake rage duhu."
Ni, malam!
Na riƙe yatsansa, muka ja tare,
fuskar wata tsohuwa ta fito a hankali
kamar yadda take fitowa da cikin ruwan magani.
Ya ce, "Na gode," har sau uku,
na rasa inda zan sa idona.

Jiya wata yarinya daga Mirya,
sunanta Tsahara, kyamarar aro a wuyanta,
ta zube mini hotuna gaban mutane.
Na ga ta sare wa wani dattijo ƙafafu,
bakina har ya buɗe.

Sai hannuna ya riga shi,
ya kife su ɗaya bayan ɗaya.
Na ce, "Zauna, ga ruwa.
Bari mutanen nan su tafi."