Laraba a Shagon Yablonski

Tun kafin in ɗaga ƙofar ƙarfe
layi ya kai bakin gidan burodi,
ruwan saman Pittsburgh na zuba musu a wuya,
ba wanda ya gusa.
Kwali uku aka sauke mana da asuba,
na farke na farko da makullin gida,
ƙamshin tawada ya tashi kamar an buɗe tukunya.

Ga ta a bango: Ƙusa, fitowa ta ɗaya.
Mace ce mai furfura a gefen kunne,
direbar bas ɗin dare,
ba alkyabba, ba tauraro a ƙirji,
sai safar hannu irin ta masu walda
da kunne mai jin kukan ƙarfe
kwana uku kafin ya karye.

Leland ya fara, a tsaye ya karanta,
ya kai shafi na tara ya ja tsaki.
"Dala biyar, kuma ba ta tashi sama?
Har yanzu ba ta naushi kowa ba!
Jaruma ce wannan ko makanikiya?"
Ya ajiye, ya kai ƙofa, ya juyo,
ya sayi biyu.

Dashiell bai buɗe nasa ba sam.
Ya zura shi a leda, ya tokare da kwali,
ya riƙe kamar mai ɗauke da ƙwai.
Wai nan da shekara ashirin mota zai saya da shi.
Na ce, ka san abin da ke ciki?
Ya ce, wanda ya buɗe ya yi asara.

Tagwayen gidan Ferrante suka raba gari:
ɗaya ta ce mai zanen ya ɓata hannuwa,
yatsu kamar saiwar itace;
ɗaya ta ce, ai hannun aiki ke nan,
je ki dubi na kakarmu.

Odessa, 'yar shekara tara,
ta miƙe ƙafa a ƙasan kanta
tana bin zanen da ɗan yatsa.
Can ta yi ihu har kare ya farka:
"Gadarmu ce! Wadda muke bi zuwa asibiti!"

Tsoho Casimir aiken jika ya kawo shi,
ya ce shi bai san wannan shirme ba.
Yana jiran canji ya ɗan leƙa,
ya faɗa shafi na goma sha huɗu:
tanderun narka ƙarfe, wuta ta mutu,
kwanon abincin wani a kan benci.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Canjin na hannuna, bai karɓa ba.
Da ƙyar ya ce,
"Wanda ya zana wannan,
ubansa ya yi aikin dare."

Shafin ƙarshe shi ya haɗa kansu.
Ƙusa ta kara kunne jikin gada,
motoci maƙil, ga bas ɗin 'yan makaranta,
fuskarta ta sauya,
a ƙasa an rubuta: sai wata mai zuwa.
Shago ya ɗauki gunaguni.
Leland ya ce wannan zalunci ne,
kwana talatin mutum na rataye!
Ya sa na rubuta sunansa a na biyu.

Ƙarfe shida kwalaye sun zama wayam,
sai guda da na ɓoye ƙarƙashin akwatin kuɗi.
Na kulle, na bi ta gada zuwa gida.
A tsakiya na duba hagu, na duba dama,
na sunkuya na kara kunne.
Sanyi kawai, da kogi, da rurin taya.

Da na ɗago, can gaba kaɗan,
ga Leland a sunkuye jikin ƙarfe.
Ya gan ni,
ya shiga ɗaure igiyar takalmi.