Tagar Sama

Fam arba'in gare mu, da kwana tara,
da fim ɗin da ba wanda ya san da shi
sai mu da muka jiƙe wajen ɗaukarsa.

Struan ya ce a sa jini,
wai ja ke tsayar da mai wucewa.
Na ce fostar bara tana nan a bango,
ruwan Dundee ya wanke jininta,
ta koma tallan alewa.

Mhairi na son ƙoƙon kai da jemage.
Na zana, na yage.
Tsoron da ya yi sallama ba ya kama kowa.

Daren Laraba na koma kan hotunan
gidan kakar Struan, can bayan coci:
taga goma, duk duhu,
ta sama kaɗai da fitila.
Na ƙara girmanta.
Mace tsaye, farar riga, tafi a jikin gilashi.

Shayina ya huce.
Ƙarfe biyun dare na kira Struan,
ya yi dariya har da tari:
"Kaka ce, tana duba ko mun taka mata furanni."

Ita muka sa.
Na matse sunan fim ɗin can ƙasa,
haruffa sirara kamar ƙayar kifi.
Mai ɗab'i ya ce baƙi na shan tawada,
sai mun ƙara fam shida.

Kaka ta ce a kai mata biyu,
ko da yake gashinta bai yi mata ba.