Na Amince

Ran da muka raba gadon Baba a Mabera,
malam ya zauna kan tabarma da alƙalami,
ya raba gida, ya raba awaki bakwai,
ya raba har buhunan albasar da ke Kara.
Sai Kulu ta miƙo wayar marigayi ta ce,
"Wagga fa, malam? Da abin da ac ciki?"

Manhaja ce ta lissafin bashi.
Dubu goma sha takwas Baba ya biya,
shekarar da albasa ta yi kuɗi.
Cikinta sunan duk wanda ya ci bashinsa:
Dikko mai kura, buhu biyu da rabi,
Inno ta Gidan Igwai, saura dubu huɗu,
da wani da ya rubuta "mai jar hula" kawai,
Allah kaɗai ya san ko wane ne.

Malam ya ce abin da mutum ya saya da guminsa
dukiya ce, dukiya kuwa tana da magada.
Ni na yi boko, sai aka ce in duba.
Na buɗe sharuɗɗa, shafi arba'in da ɗaya,
ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa a gindin rumbu.
Tun bayan la'asar har aka kira isha'i
ina bin layi da yatsa.

Ashe ba su sayar wa Baba komai ba.
Izini suka ba shi, kamar ɗakin haya:
mutum ɗaya, na'ura uku,
ba kyauta, ba sayarwa, ba gado.
In mai izini ya kwanta dama, izini ya bi shi.

Baba, da bai taɓa sayen ko akuya ba
sai ya buɗe bakinta ya ƙirga haƙora,
shi ne ya danna "na amince" da babban yatsa
a rumfar mai cajin waya, yana tsakar hira.
Ban ga laifinsa ba.
Ni ma haka nake dannawa.

Akwai ƙofa ɗaya, in ji su: rabon iyali.
Mutum shida, kuma ƙasa ɗaya.
Mu tara ne.
Modi kuwa yana Kwanni da matarsa,
in ya fito da hantsi a nan yake azahar,
nono ɗaya muka sha, tabarma ɗaya muka jiƙa,
amma wani da bai taɓa jin sunan Illela ba
ya rubuta cewa shi ba ɗan gidanmu ba ne.

A unguwarmu tsani ɗaya ke yawo gida-gida,
turmin Inna ya san tsakar gida goma.
Ban ce masu manhaja ɓarayi ba ne,
wanda ya haƙa rijiya yana da ta cewa kan guga.
Sai dai in haya ce, a ce haya
da manyan baƙi, tun a bakin ƙofa.

Malam ya shafa gemu ya daɗe shiru,
ya ce wannan babin bai zo a karatunsa ba,
amma bashi haƙƙin magada ne, a fito da shi.

Kulu ta aiki yaro ya sayo littafi mai layi.
Muka zauna gaban fitila, caji saura kashi tara,
ina karantawa, tana rubutawa,
kafin su gane mai izini ya tafi.
Dikko, buhu biyu da rabi.
Inno, dubu huɗu.
Da muka zo kan mai jar hula ta ɗaga biro,
ta ce a bar masa, ladar ta kai wa Baba.

Da safe na kai littafin tasha,
direba ya sa shi ƙarƙashin kujera, ya nufi Kwanni.
Na'ura uku, in ji su.
Ba su ƙirga takarda ba.