Katantanwar Ƙarfe

Lurwanu ya shigo gareji da kwali a ka,
ya dire shi gabana a hankali, kamar ƙwai.
Na buɗe. Tarbo ce,
katantanwar ƙarfe mai baki kamar na tulu.
Ya ce daga jikin babbar mota aka kwance ta.
Na dubi 'yar motarsa mai silinda huɗu,
na sake duban kwalin,
na ce, zauna tukuna, shayi ya kusa.

Ubana maƙeri ne a bayan Ƙofar Ƙaura.
Shekara bakwai ina bakin wuta
kafin hannuna ya san sifana.
Can na koyi cewa babban zugazugi sai ƙato.
Ka ba yaro,
kafin ya cika shi da iska ƙarfe ya huce.

Haka wannan, na ce masa.
Hayaƙin injinka ne zai juya ta,
kuma ƙirjinsa bai kai ba.
Za ka taka totur a shataletale,
ka ƙirga ɗaya, biyu, uku,
mai keke ya wuce ka yana gaisuwa,
sannan ta farka gaba ɗaya
kamar jakin da rina ta harba.

Ya yi gunaguni, ya yarda.
Muka sa masa matsakaiciya.
Ɗan'azumi mai walda ya yanke tsohuwar salansa,
wadda maƙogwaronta bai fi na zakara ba,
ya lanƙwasa bututu inci biyu da rabi,
kwana biyu kacal daga inji zuwa wutsiya.
Wanda bai fitar da tsohon numfashi ba,
ina zai ajiye sabo?

Da jan fenti na ɗiga alama a agogon iska,
daidai kan goma sha biyu.
Na ce, nan ne katangarka.
Ga zafin bazara,
ga man galan da kake saya a bakin titi.
Allura ta haura nan, ba da yawuna ba.

Mako uku tana waƙa a hanyar Dutsin-ma.
In ya saki totur sai ta yi atishawa,
yaran unguwa su kwashe da shewa.

Sai wani abokinsa mai wayar hannu da sukundireba
ya matse masa sifirin,
zagaye biyu kawai, in ji shi.
Ranar Laraba bayan la'asar
igiya ta jawo su daga Batagarawa,
baƙin mai na ɗiga kamar hawayen kwalli.

Na buɗe kan inji.
Fistin na uku ya huje,
rami tsaf, ɗan yatsana ya shige.
Lurwanu ya tsaya yana jiran faɗa.

Ban yi ba.
Na jawo durowar da nake zuba ƙusoshi,
na ɗauko masa wani fistin, baƙi, mai tsatsa,
raminsa ya fi nasa faɗi.
Na ce, wannan nawa ne,
hanyar Jibiya, tun ba a haife ka ba.

Ya jera su biyu a kan benci,
ya leƙa ta ramin yana kallon rana.
Na ce, miƙo lamba sha uku,
mu kwance sauran kafin magariba.