Taku Goma Sha Ɗaya

Sun shimfiɗa zanen asibitin a kan teburi,
sun danne gefensa da kofin shayi da makullin mota,
don fanka na son ta tashe shi.
Ga ɗakin tiyata, an zagaye shi da jan biro.
Ga na haihuwa, ga na magani, har na ajiyar gawa ya samu inuwa.
Na bi da ido, na bi da yatsa,
sai can a bene, bayan sito,
na tarar da mu, masu gashi da motsa gaɓoɓi,
an ba mu gurbi kamar gidan ashana.

Injiniya Mannir ya ce, "Ai akwai lifta."
Na ce, "Ranar da aka ɗauke wuta fa?
Wa zai goyi dattijo ya hau matakala ashirin da biyu?"
Aka ɗan yi dariya.
Ni ban yi ba.

Na san wani nisa da tef ba ya aunawa.
Babana Sada, maginin Ƙofar Guga,
wanda rabin katangun unguwa suka san tafinsa,
wata Laraba cokalin gini ya suɓuce daga damansa,
bai ƙara komawa ba.
Likitoci sun riƙe ransa, Allah Ya saka musu,
suka sallame mu da takardar magani da "sai haƙuri".
Daga gadonsa zuwa bakin zaure
taku goma sha ɗaya ne.
Wata bakwai muka yi a kan wannan hanya.
Igiyar shanya ce abin dafawarsa,
turmin da aka kifa a taku na biyar
shi ne tasharsa.
Nan yake zama yana hararar ƙafarsa
kamar lebura da ya ƙi jin magana.

Shi ya sa na ari fensirin Mannir ban tambaye shi ba.
Na ce ku sauko da mu ƙasa, kusa da ƙofa,
inda mai napep zai tsaya ba sai an yi ciccibo ba.
Ku buɗa ƙofar, keke da mai tura shi
su wuce gwiwar hannu ba ta gogi bango ba.
Tayil mai sheƙin nan ku kai shi ofis,
santsi ado ne ga wanda ƙafafunsa ke masa biyayya.
Ku sauke taga, na zaune ma yana da ido.
A sa ƙarfe a bangon banɗaki,
kunyar babba ta fi ciwonsa nauyi.
A yi dakalin alwala.
A ware ɗaki guda mara hayaniya
don wanda sunan ɗansa ya ɓace masa a baki.
Benci kuma, mai jingina,
don 'yar rakiyar da ta baro Batsari tun assalatu.

Hajiya Tasalla, akanta, ta danna kalkuleta,
ta sake dannawa, ta cire tabarau.
"Kuɗin bai kai ba."
Muka yi ciniki kamar a kasuwar Charanchi.
Na bar musu kwamin ruwan ɗumi da na daɗe ina mafarki,
suka bar mini kuɗin marmaron ado na bakin get.
Ɗakin shiru ya rage rabi.
Bencin ya tsira.

Da la'asar na je filin ni kaɗai.
Ba komai tukuna sai turaku da zare,
da tafasa, da awakin wani suna kiwo a ɗakin tiyata.
Na nemo layin barandarmu, na tuɓe takalmi,
na ja ƙafar dama a ƙasa yadda yake ja,
ɗaya, biyu,
a na biyar na tsaya, na dasa dutse:
nan za a sa kujera.

Maigadi ya taso da sauri da butarsa a hannu.
"Hajiya, lafiya ƙafar?"
Na ce, "Lafiya lau, Baba. Awo nake yi."
Saura shida.