Tsakuwa a Shinkafa

Shekara talatin ina tsintar shinkafar Yagwa
a kan faifai, a ƙofar gidanmu na Domayo,
ban taɓa sayar wa mutum tsakuwa ba.
Mutanen Marwa na cewa, idon Tabawa allura ne.
Ni ma na yarda, na riƙe zancen kamar gado.

Ranar wata Talata Sallau ya zo da haƙori a tafin hannu,
rabin turmi, fari, da ɗan jini a gindi,
ya ajiye gefen tukunyata, bai ce uffan ba.
Ɗana ne, shi ya sa.
Da direban Kusiri ne, da duk tasha ta ji.

Na ce fitila ce. Na ce hayaƙin itace.
Na ce masu casa sun lalace a zamanin nan.
Na ƙara tozali.
Maƙwabciya ta kawo wani ruwa a kwalbar turare,
ya yi mini raɗaɗi kwana biyu, iyakar aikinsa ke nan.

Sallau ya goya ni a babur,
muka bi gaɓar Kaliyawo, yashi zalla, ko ɗigon ruwa babu,
har asibitin ido, inda benci ya cika
da masu kallon bango kamar suna bin sa bashi.

Malama Asta ta kashe wuta, ta kunna allo.
Na ce, "Ban yi lakwal ba, 'yata."
Ta ce, "Ba karatu ba ne, Inna.
Kin ga mai ƙafa ukun nan kamar murhu?
Nuna mini inda ƙafafun suka dosa."
Na nuna sama, na nuna gabas.
A layi na huɗu murhu ya zama kiyashi,
a na biyar hayaƙi ne kawai.

Ta ɗora mini tabarau mai nauyin ƙwarya,
tana sauya gilasai, "Wannan ko wannan?"
kamar mai tallar zane.
Na kafa haɓa a kan ƙarfe,
ta zura siririn haske, ta leƙa rijiyar idona har ƙasa.
Wata na'ura ta hura mini iska, fuf, na zabura,
Sallau ya yi dariya da giɓinsa.

Ta daɗe tana rubutu.

"Tabarau zai dawo miki da tsakuwarki, wannan mai sauƙi ne.
Amma ruwan cikin ido ya taru, yana danne jijiya.
Ba ya ciwo, ba ya sallama.
Daga gefe yake ci, kamar ɓera da buhu.
Abin da ya ci ya tafi.
Abin da ya rage, ni da ke za mu tsare."

Nan na tuna sau nawa jikata Ladidi ta tsaya gefena
na ce mata aljana, don ban ga zuwanta ba,
sau nawa kafaɗata ta daki ƙyaure
na zagi kafinta, bawan Allah.

"Yana bin jini," in ji ta, tana duban Sallau.
Wanda ya zo rakiya ya tsinci kansa a kujera,
iskar ta hura masa, shi ma ya zabura.
Na rama dariyata.

Yanzu kowane dare bayan isha'i
Ladidi na ɗiga mini magani, ɗaya nan, ɗaya nan,
tana ƙirgawa da Faransanci don ta burge ni.
Kwalbar ta kai kuɗin mudu huɗu, na sha yin lissafi,
amma ban taɓa jin inda ake auna gani a mudu ba.
Katin komawa na maƙale a jikin madubi:
bayan wata uku, ko da ciwo ko babu.

Da safe in ɗauki faifai, in gyara tabarau a hanci,
tsakuwoyi su fito fili kamar baƙi a gidan biki.
Ina tara su a gwangwanin madara.
Haƙorin Sallau na nan a gidan tabarau,
duk na buɗe sai mun gaisa.