Daren Alhamis a Gidan Abincin Fanna

Ran Alhamis, da an sallame isha'i,
Hajiya Fanna kan sa a ja tebura gefe,
a ɗora katako biyu bisa bulo shida
gindin bedin tsakar gida.
Shi ke nan, dandali ya samu.
Jikka biyu kuɗin shiga:
da teyatur, da tuwo, da tafiya.

Ni ne Alhaji a wasan.
Rigar ta aro ce, ta wan Barira,
tumbin kuwa matashin kaina ne, ɗaure da ɗankwali.
Gabana akushi rufe da faifai.
In buɗe, in kai loma, in yamutsa fuska,
in ce wa Barira, matata ta wasa,
gishiri ya yi yawa.
Sai wuri ya kaure da dariya,
kowa bakinsa cike da zabuwa.
Akushin nan ba kome cikinsa
sai hasken ƙwan lantarki.
Ni kuwa rabona da abinci tun kokon safe.

In wasa ya kai rabi sai a tsaya a yi tafiyar.
Ba mota, ba tasha, ba jandarma a hanya.
Ƙananan kofuna ne jere bisa tire,
Fanna na kiran gari kamar ɗan kamasho:
Matamai! Sai a kurɓi ruwan rake.
Mirriya! Tsamiya da ɗan yaji mai kama maƙoshi.
Ana zuwa Magarya leɓen kowa ya yi ja da zoɓo.
A garin da ake kwana layin famfo da jarka,
ga mu muna zaɓen ruwa kamar zaɓen atamfa.

Gidimuni! Dabino jiƙe cikin madara.
Baba Ari, da ya yi shekara talatin
yana jan mota hanyar Gure,
ya kurɓa, ya riƙe a baki,
ya juya shi kamar alƙali da shaida.
Ya ce, dabinon nan bai taɓa ganin Gidimuni ba,
na Kasuwar Dole ne, na san buhunsa.
Fanna ta ce, Baba, kai fa?
Yaushe rabonka da can?
Ya dubi ƙafarsa da ta daina taka birki.
Bai amsa ba.
Ya miƙa kofi, a ƙara.

Muka koma wasa.
Ina tsakiyar rantsuwa ban ci kuɗin marayu ba
sai kuran ya ɗauke.
Duhu ɗif. Cokula suka yi shiru.
Can bayan katanga duwatsun Birni
na mayar da zafin da suka sha da rana.
Na ji takun sanda, na ji faifai ya motsa,
na ce ko kyanwar gidan ce.

Aka kunna fitilun salula, goma, ashirin,
duk a fuskata.
Na buɗe akushi yadda na saba.
Cinyar zabuwa, da ɗuminta.
Gefe guda rabin alkaki.

Shekara uku ina tauna iska a kan katakon nan.
Na kai loma. Na manta Alhaji.
Barira ta tsaya, hannu a ƙugu,
tana jiran maganar da za ta tayar da faɗa,
ni kuwa ina tsotsar ƙashi.
Da na haɗiye na ce,
gishiri ya yi daidai.

Ba ta da amsar wannan.
Ta buɗe baki, ta rufe, ta dubi Fanna.
Dariyar da aka yi ta fi ta kullum.
Tebur na uku, Baba Ari na goge yatsu da gefen rawani,
farantinsa fes,
idonsa na kan reshen bedi
kamar bai san kowa ba.

Sha biyu saura na kwance tumbi,
na saɓa shi a kafaɗa zuwa Garin Malam.
Matashin ya kwana yana ƙamshin miya.